Dario Argento: Yadda tauraruwar gwanin fina-finan ban tsoro na Italiya ta dusashe

A watan Mayun 2012, masu shirya bikin baje kolin fina-finai na Cannes a ƙasar Faransa sun keɓe tsakar dare domin haska sabon fim ɗin Dario Argento mai suna Dracula 3D. Karramawa ce ga dattijo ɗan shekara 71, wanda aka daɗe ana ɗauka a matsayin jagoran masu shirya fina-finan ban tsoro na Italiya.

Sai dai abin da ya fi zama a bakin waɗanda suka kalli fim ɗin shi ne wata fitowa da Dracula, dodon nan mai shan jinin mutane, ya rikiɗe ya koma ƙaton ƙoƙi-ƙoƙi kore shar, ya hau matakala ya hallaka wani mutum. Da kwamfuta aka zana ƙwaron, zanen kuma bai ɗara na wasannin bidiyo na yara ba. Wurin da aka shirya domin ya razana jama'a shi ya koma abin dariya.

Abin da ya fi damun masoyan Argento shi ne sunayen da suka gani a jikin fim ɗin. Mai ɗaukar hoton Luciano Tovoli ne, mai kiɗan kuma Claudio Simonetti. Mutanen nan biyu suna cikin waɗanda suka yi aiki da shi shekara 35 kafin nan a Suspiria, fim ɗin da har yau ake nazarinsa saboda launi da sautinsa. Darakta ɗaya, mai kyamara ɗaya, makaɗi ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin ayyukan biyu kamar ta sama da ƙasa.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce tsufa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin gangarar ta soma ne tun Argento yana da shekara 50 da 'yan kai, lokacin da daraktoci da yawa ke kan ganiyarsu.

Daga teburin jarida zuwa bayan kyamara

An haifi Dario Argento a birnin Rum ranar 7 ga Satumban 1940. Mahaifinsa, Salvatore Argento, furodusa ne, mahaifiyarsa Elda Luxardo kuma mai ɗaukar hoton taurari ce. Ya fara aiki a matsayin mai sharhin fina-finai a jaridar Paese Sera, daga nan ya koma rubuta labarin fim. Yana cikin mutum uku da suka tsara labarin shahararren fim ɗin kaboyi Once Upon a Time in the West na 1968, tare da Sergio Leone da Bernardo Bertolucci.

Fim ɗinsa na farko a matsayin darakta, The Bird with the Crystal Plumage, ya fito a 1970, ya kuma yi kasuwa a Italiya da Amurka. Irin fim ɗin da Italiyawa ke kira giallo ne. Ma'anar kalmar ita ce launin rawaya, ta kuma samo asali daga littattafan binciken kisan kai masu rawayan bango da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. Mario Bava ne ya buɗe wannan hanya a sinima a farkon shekarun 1960, Argento kuma ya mayar da ita babbar kasuwa: makashi da ba a ganin fuskarsa, baƙar safar hannu ta fata, wuƙa mai ƙyalli, da wani baƙo da ya ga abin da ya faru amma ya kasa fahimtar abin da idonsa ya gani. A yawancin fina-finan, hannun da ke cikin safar nan na Argento ne da kansa.

Daga 1975 zuwa 1987 ya fitar da fina-finai shida waɗanda sunansa ya tsaya a kansu: Profondo Rosso a 1975, Suspiria a 1977, Inferno a 1980, Tenebrae a 1982, Phenomena a 1985, sai Opera a 1987.

Ƙarfinsa bai taɓa zama a labari ba

Wanda ke son gane faɗuwar Argento dole ya fara sanin abin da ya ɗaga shi. Ko a zamanin da yake tashe, labaransa cike suke da giɓi. Mutane kan yi abin da mai hankali ba zai yi ba, maganganunsu kan fito a sandare, dalilin da ake bayarwa a ƙarshe na kisan kuma sau da yawa ba ya gamsar da kowa. Masu sharhi na Italiya sun sha yi masa wannan suka tun a wancan lokaci. 'Yan kallo ne ba su damu ba, saboda ido da kunne sun shagala da wani abu daban.

Suspiria ya isa misali. Labarin bai taka kara ya karya ba: wata yarinya Ba'amurkiya, wadda Jessica Harper ta fito a matsayinta, ta je makarantar koyon rawa a birnin Freiburg na Jamus, sai ta gano mayu ne ke riƙe da makarantar. Shi ke nan. Amma Tovoli ya haska fuskokin 'yan wasan da fitilu masu ƙarfi ta cikin ƙyallaye masu launi, har ja ya yi jawur, shuɗi ya yi shar, ta yadda babu wani ɗaki a duniya da ke da irin wannan haske. An wanke fim ɗin a Rum da tsohuwar fasahar Technicolor, wadda ake buga launuka uku ɗaya bayan ɗaya kamar rini, a daidai lokacin da ake dab da jingine injinan. Mai tsara gine-ginen fim, Giuseppe Bassan, ya ƙera zauruka da lunguna masu kama da na mafarki. Da farko an so 'yan makarantar su zama ƙananan yara, da aka ƙi yarda da haka sai aka ɗaga mariƙin ƙofofi sama, domin 'yan matan su riƙa miƙa hannu kamar yara. A bisa duk wannan aka ɗora kiɗan ƙungiyar Goblin, mai ƙararrawa da ganguna da raɗa kamar ta aljanu. Mai kallo ba ya samun sararin tambayar ko labarin ya yi ma'ana.

Haka abin yake a sauran. A Profondo Rosso, Argento ya nuna fuskar makashin a madubi tun kusa da farkon fim, cikin ƙiftawar ido, ya bar jarumin da 'yan kallo suna zaton zane suka gani a bango, sai a ƙarshe gaskiya ta bayyana. A Tenebrae ya ɗora kyamara a kan na'ura mai dogon hannu, ta hau bangon wani gida, ta bi ta kan rufi, ta leƙa tagogi, ta sauko ta ɗaya gefen, fiye da minti biyu ba tare da an yanke ba. A Opera, wanda aka ɗauki wani sashensa a gidan wasan Teatro Regio na birnin Parma, kyamara ta riƙa shawagi a kan 'yan kallo kamar hankakin da aka saki a zauren. A nan ne kuma makashin ke liƙa wa jarumar jerin allurai a ƙarƙashin ido domin kada ta iya rufe shi, wanda tamkar zolaya ce ga duk mai kallon da ke runtse ido idan abin ya yi muni.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa da araha. Kowanne na buƙatar kuɗi, da kwanaki masu yawa na ɗauka, da ƙwararrun da suka san aikinsu, da furodusan da zai haƙura a ɓata yini a kan abin da bai ƙara wa labari komai ba. Daraktan da ƙarfinsa ke cikin rubutu da sarrafa 'yan wasa zai iya yin fim mai kyau a ɗaki ɗaya da kuɗi kaɗan. Argento ba irin wannan ba ne. Ranar da aka janye masa kayan aikin nan, rauninsa na tun asali ne ya rage a fili.

Kasuwar da ta rushe

Janyewar ta fara ne daga wajen sinima. A tsakiyar shekarun 1950 ana sayar da tikitin shiga sinima fiye da miliyan 800 a shekara a Italiya. A 1975, shekarar da Profondo Rosso ya fito, adadin yana sama da miliyan 500. Zuwa farkon shekarun 1990 ya faɗo ƙasa da miliyan 100.

Babban dalili shi ne talabijin. A 1976 kotun tsarin mulkin Italiya ta yanke hukuncin da ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi a yankunansu. Tashoshi suka yi ta ɓullowa, yawancinsu kuma tsofaffin fina-finai suke haskawa dare da rana kyauta. Daga cikinsu ne Silvio Berlusconi ya gina Canale 5 da sauran tashoshinsa. Ƙananan gidajen sinima na unguwanni da garuruwa, waɗanda su ne ke ciyar da fina-finan kaboyi da na 'yan sanda da na ban tsoro, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin shirya fim sai ya koma hannun gidajen talabijin, su kuwa abin da za su iya nunawa iyali bayan cin abincin dare suke nema. Fim mai jini da gawa ba ya cikin lissafinsu. Tsarar Argento da almajiransa duk sun ji a jikinsu. Lucio Fulci ya ƙare rayuwarsa yana fama da ƙarancin kuɗin aiki har ya rasu a 1996. Lamberto Bava, ɗan Mario Bava, ya koma shirya tatsuniyoyi a talabijin. Michele Soavi, wanda ya yi wa Argento mataimaki kuma ake ganin shi zai gaje shi, ya fitar da Dellamorte Dellamore a 1994, daga nan shi ma aikin talabijin ya ɗauke shi. Argento kusan shi kaɗai ya rage yana kai fim ɗin ban tsoro sinima, sunansa ne kawai ke jawo masa masu zuba jari, su ma ba kamar da ba.

Ya gwada sa'arsa a Amurka. A 1990 shi da George Romero suka raba fim ɗin Two Evil Eyes gida biyu, kowa ya ɗauki labari ɗaya na Edgar Allan Poe. A 1993 ya fitar da Trauma, wanda ya ɗauka a birnin Minneapolis. Fim ɗin bai yi muni ba, amma launukan sun dushe, kyamara ta natsu, kiɗan Pino Donaggio kuma ya fi kama da na fina-finan Amurka da aka saba ji. Ya rage abin da ya bambanta shi domin ya shiga kasuwar Amurka, kasuwar ba ta karɓe shi ba, tsofaffin masoyansa kuma suka fara gunaguni.

Akwai wani sauyi da ba kasafai ake lura da shi ba. Al'adar Italiya a da ita ce a ɗauki hoto ba tare da damuwa da sauti ba, daga baya a ɗora murya a ɗakin naɗa sauti. Ba'amurke da Bajamushe da Ba'italiye kan tsaya a fitowa ɗaya kowa na magana da harshensa. Wannan ya ba kyamara 'yancin yawo, ya kuma sa muryoyin su fito kamar daga wata duniya, abin da ya dace da fim irin Suspiria. Da aka koma son magana irin ta yau da gobe, cikin haske irin na yau da gobe, sai sandararrun kalaman da a da ake yafewa suka riƙa sukar kunne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A daidai lokacin da kasuwa ke rushewa, mutanen da ke kewaye da shi ma suna watsewa. Mahaifinsa Salvatore, wanda ya tsaya masa a matsayin furodusa tun daga fim ɗin farko, ya rasu a 1987. Franco Fraticelli, wanda ya tace kusan dukkan fina-finansa tun 1970, kuma shi ne ya san inda ake yankewa domin zuciyar mai kallo ta tsinke, aikinsa na ƙarshe a fim ɗin da Argento ya ba da umarni shi ne Opera. Ƙungiyar Goblin ta rabu tun ƙarshen shekarun 1970, ko da yake wasu 'ya'yanta, musamman Simonetti, sun ci gaba da yi masa kiɗa.

Rashin da ya fi kowanne nauyi, a ganin masu nazarin aikinsa da dama, shi ne na Daria Nicolodi. 'Yar wasa ce da suka haɗu a Profondo Rosso, suka zauna tare kimanin shekara 10, ita ce kuma mahaifiyar 'yarsa Asia, wadda aka haifa a 1975. Tare suka rubuta Suspiria. Ta sha faɗa cewa tushen labarin daga kakarta ta ji shi, kuma sai da ta yi da gaske kafin a sa sunanta a jerin marubuta. A Inferno ma ta ce ta ba da gudummawa, amma sunanta bai fito a matsayin marubuciya ba. Ko wane ne ke da gaskiya a wannan taƙaddama, abu ɗaya a bayyane yake: kafin zuwanta Argento bai taɓa shiga duniyar mayu da tsafi ba, bayan rabuwarsu a tsakiyar shekarun 1980 kuma bai sake shigarta da irin wancan ƙarfi ba. Nicolodi ta rasu a watan Nuwamban 2020.

Inda uzuri ya ƙare

Da a ce batun kuɗi da abokan aiki ne kaɗai, da an wanke Argento tas. Sai dai fina-finan da kansu ba su goyi bayan haka ba.

The Stendhal Syndrome na 1996 shi ne wanda masu kare shi suka fi riƙewa. Giuseppe Rotunno, tsohon mai ɗaukar hoton Federico Fellini, shi ya riƙe kyamara, Ennio Morricone kuma ya dawo ya yi kiɗa bayan shekara 25 rabonsu da aiki tare. Farkon fim ɗin, inda wata 'yar sanda ke sumewa a gaban zane-zanen gidan tarihin Uffizi na birnin Florence, yana cikin abin da ya fi kyau a duk aikinsa na baya-bayan nan. Amma a nan ne ya fara dogara da zanen kwamfuta, har ya bi ƙwayar magani da kyamara tana gangarawa maƙogwaro, zanen da tun a lokacin bai yi kama da gaske ba. An kuma soke shi a kan sanya 'yarsa Asia a fitowar cin zarafi masu nauyi.

Bayan shekara biyu ya fitar da The Phantom of the Opera. Wannan karon ba shi da kukan rashin ƙwararru. Ronnie Taylor, wanda ya ci lambar Oscar a fim ɗin Gandhi kuma ya ɗauki Opera, shi ne mai hoto. Morricone ne mai kiɗa. Gérard Brach, abokin rubutun Roman Polanski, shi ya taya shi rubutu. Duk da haka fim ɗin ya zama abin takaici. Fatalwar gidan wasan, wadda kowa ya sani da ɓoye mummunar fuskarta, a nan Julian Sands ne kyakkyawa mai dogon gashi, babu abin rufe fuska, wai ɓeraye ne suka rene shi. An cakuɗa soyayya da barkwanci da ƙazanta ta yadda mai kallo ba ya sanin inda aka so ya yi dariya da inda aka so ya tsorata. Da yawa daga masoyansa a wannan fim suke ja layi.

A 2001 ta leƙo ta koma. Sleepless, wanda aka ɗauka a Turin tare da Max von Sydow, ya dawo da shi ga giallo, Goblin kuma suka sake haɗuwa domin kiɗan. Mintunan farko, inda makashi ke farautar wata mata a cikin jirgin ƙasa da babu kowa cikin dare, sun nuna hannun bai mutu ba. Sauran fim ɗin ne ya zama bitar abin da ya riga ya yi a 1975. The Card Player na 2004 kuwa labarin makashi ne da ke tilasta wa 'yan sanda buga karta da shi ta intanet a kan ran wadda ya sace. Mutumin da a da kyamararsa ke hawa rufin gida, yanzu ya zaunar da 'yan kallo suna kallon mutanen da ke kallon kwamfuta.

Babu fim ɗin da aka jira kamar Mother of Tears. Suspiria da Inferno kashi biyu ne na labarin manyan mayu uku, waɗanda aka samo sunayensu daga rubutun marubucin Ingila Thomas De Quincey. Shekara 27 masoya suna dakon na ukun, sai a 2007 ya fito. Maimakon gine-ginen mafarki da launuka, sai aka ga titunan Rum cikin haske irin na wasan talabijin. Tashin duniyar da labarin ke cewa ya afka wa birnin bai wuce 'yan tsirarun mutane suna dambe a gefen hanya ba. Mayun sun fi kama da 'yan matan da suka sha kwalliya za su gidan rawa. An ƙara yawan jini da tsiraici, kamar ana so a cike gurbin abin da ya ɓata. A nan bambancin ya fito sarai: a da Argento kan ɗauki minti biyar ko goma yana ja wa mai kallo rai kafin wuƙa ta sauka, yanzu saukar wuƙar kaɗai ta rage.

Giallo na 2009 ya ƙara da rigima. Ba Argento ne ya ƙirƙiro labarin ba, wasu marubuta biyu Amurkawa ne suka kawo shi, daga baya shi kansa ya nesanta da yadda furodusoshi suka tace fim ɗin. Jarumin, Adrien Brody, ya kai ƙara kotu a Amurka yana cewa yana bin su dala 640,000 na ladan aikinsa, a ƙarshen 2010 alƙali ya dakatar da sayar da fim ɗin a ƙasar, sai a farkon 2011 aka sasanta.

Daga nan sai Dracula 3D, wanda ya rushe hujjar cewa dawo da tsofaffin abokan aiki zai gyara komai. Fasahar da ke sa hoto ya yi kamar zai fito daga majigi tana son haske mai yawa, kyamarorinta kuma nauyi gare su, ba sa yawo yadda aka ga dama. Wato an ɗauki daraktan da ya yi suna da inuwa da motsi, an ba shi kayan aikin da suka hana shi duka biyun. Amma ba wanda ya tilasta masa karɓa, kuma ba wanda ya tilasta masa barin ƙoƙi-ƙoƙin nan a cikin fim. Duk uzurin da za a kawo, zaɓen abin da zai shiga da abin da za a zubar aikin darakta ne, a nan kuma idon da a da ba ya barin ko mariƙin ƙofa ya wuce ba tare da ya auna shi ba, ya daina tantancewa.

Duniya ma ba ta tsaya jiransa ba. The Silence of the Lambs na 1991 da Seven na 1995 sun koya wa 'yan kallo tsammanin labarin kisan kai mai tsari da 'yan wasa na gaske. Japan ta kawo nata salon tsoratarwa da Ringu a 1998. Waɗanda suka koya daga gare shi, tun daga John Carpenter mai Halloween har James Wan mai Saw, sun ɗauki dabarunsa sun kai su inda shi bai kai ba. Abin da ya girgiza mutane a 1975 ya zama gama-gari.

Masu kare shi

Akwai masu ganin an yi gaggawar yanke hukunci, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Inferno bai samu fitowar kirki a sinimomin Amurka ba, Phenomena kuma sai da aka datse kusan rabin sa'a daga cikinsa aka sauya masa suna zuwa Creepers kafin a nuna shi a can. Dukansu biyu an yi musu dariya a lokacinsu, yau kuma ana girmama su. Suna kuma nuni da gajerun fina-finai biyu da ya yi wa shirin talabijin na Amurka Masters of Horror, wato Jenifer a 2005 da Pelts a 2006, a matsayin shaidar cewa idan ya samu labari tsayayye da ma'aikata masu tsari yana iya aiki mai kyau.

Raunin wannan hujja shi ne lokaci. Inferno bai daɗe ba ya samu masu yaba shi ta hanyar kaset ɗin bidiyo. The Phantom of the Opera ya haura shekara 20 da fitowa, har yanzu ba a ga taron masu neman a sake duba shi ba.

Bayan Dracula, Argento ya shekara 10 bai fitar da fim ba. A 2014 an nemi tallafin jama'a ta intanet domin wani aiki mai suna The Sandman da mawaƙi Iggy Pop zai fito a ciki, an tara kuɗi, fim ɗin bai tabbata ba. A 2018 Luca Guadagnino ya sake shirya Suspiria da nasa salon, Argento ya fito fili ya nuna bai gamsu da shi ba. Karramawa dai ta ci gaba da zuwa: lambar David di Donatello ta musamman a 2019, lambar yabo a bikin Locarno a 2021, da baje kolin aikinsa a gidan tarihin sinima na Turin a 2022, dukansu saboda ayyukan da ya yi kafin 1990 fiye da na bayanta.

A watan Fabrairun 2022, yana da shekara 81, ya kai Dark Glasses bikin fina-finai na Berlin. Labarin tsoho ne, shi da Franco Ferrini suka rubuta tun farkon shekarun 2000, aka ajiye shi lokacin da kamfanin Cecchi Gori ya durƙushe. Wata mace mai zaman kanta ce ta makance a haɗarin mota tana gudun makashi, ta koma dogara da karen jagora da wani yaro ɗan asalin Sin da haɗarin ya raba da iyayensa. Fim ɗin ya buɗe da husufin rana a Rum, mutane sun yi cirko-cirko suna duban sama. Ƙaramin aiki ne, bai kai minti 90 ba, akwai tausayi a cikinsa fiye da yadda aka saba gani a wurinsa, akwai kuma wata fitowa ta macizan ruwa da ta tuna wa mutane tsohuwar matsalar. Ra'ayin masu sharhi ya rabu, amma da yawa sun sa shi sama da duk abin da ya yi tun bayan Sleepless.

Yabo mafi ƙarfi da ya samu a shekarun nan bai zo ta kujerar darakta ba. A 2021 Gaspar Noé, darakta ɗan asalin Ajantina da ke aiki a Faransa, ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Vortex tare da Françoise Lebrun. Argento ya fito a matsayin tsohon mai sharhin fina-finai mai ciwon zuciya, yana zaune a wani gida cike da littattafai a birnin Paris, matarsa tana fama da cutar mantuwa, shi kuma yana ƙoƙarin kammala littafi a kan sinima da mafarki. Cikin Faransanci ya yi wasan, wanda ba harshensa ba ne, yawancin maganganun kuma a take ya ƙirƙire su a gaban kyamara.